Komawa jiya: me hoton faifai yake iya dawo maka da shi idan sabuntawa ta kashe kwamfuta?

Ranar Juma'a, 19 ga Yulin 2024, da ƙarfe biyar da minti tara na asuba agogon Najeriya, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wani ɗan ƙaramin fayil zuwa ga na'urorin da ke amfani da manhajarsa ta Falcon. Bayan minti 78 suka janye shi, amma aikin gama ya gama. Duk kwamfutar Windows da ta karɓi fayil ɗin sai ta nuna shuɗin allo ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Gyaran kansa ba wani abin a zo a gani ba ne, goge fayil ɗaya ne. Sai dai kwamfutar da ba ta tashi ba za a iya aika mata gyara ta intanet ba, dole mutum ya tako ya zauna a gabanta. In kuma an kulle faifanta da BitLocker, sai an nemo lambar buɗewa mai lambobi 48 an danna ta da hannu.

A ranar, masu amfani da Linux da dama sun yi ta faɗin magana ɗaya: da a ce akwai hoton faifai, ai sai a koma jiya kawai. Ni ma ina cikin masu son wannan fasaha, kuma ta fitar da ni kunya ba sau ɗaya ba. Amma yadda ake tallarta, cewa "ka sabunta ba tare da fargaba ba", ya wuce abin da take iya yi. Hoton faifai yana dawo da fayilolin da ke cikin shingen da aka zana masa ne kawai, kuma yawancin masu amfani da shi ba su san inda shingen ya bi ba sai ranar da suka buƙace shi.

Allo da littafi

Masu harkar suna ce masa sinafshot. Mu a nan za mu riƙa cewa hoton faifai, duk da cewa babu wani hoto da ake ɗauka a zahiri.

Faifan ajiya na kwamfuta a rarrabe yake zuwa ƙananan bulo, kuma akwai wani tsari da ke riƙe da lissafin wane bulo ne na wane fayil. Shi ake kira tsarin ajiyar fayil. Tsofaffin tsare-tsare irin su ext4 na Linux da NTFS na Windows aikin allo suke yi: in za a canza wani abu, sai a wanke wurin a rubuta sabo a kai. Abin da aka wanke ya tafi kenan. Btrfs da ZFS da APFS na Apple kuwa aikin littafi suke yi. Ba su taɓa tsohon shafi. Sai su rubuta sabon abin a shafin da babu komai, sannan su gyara jadawalin farkon littafin ya nuna sabon shafin. Tsohon shafin yana nan, har sai an tabbatar babu mai nuni gare shi, sannan a sake shi don wani amfani.

To daga nan dabarar ta fito. In ka ajiye kwafin jadawalin yadda yake a wannan daƙiƙa, ka ce kada a saki ko shafi ɗaya da yake nunawa, ka sami hoton faifai kenan. Ba a kwafi fayil ko ɗaya ba. Shi ya sa ɗaukarsa kamar ƙiftawar ido ce ko da faifan na da gigabait ɗari biyar, kuma a ranar farko kusan ba ya cin wuri. Yana fara cin wuri ne sannu a hankali, gwargwadon yadda sabon halin faifan yake nisa da tsohon.

Tunanin ba sabo ba ne. Injiniyoyin kamfanin NetApp, cikinsu har da Dave Hitz, sun bayyana shi a 1994 a tsarinsu na WAFL. Sun Microsystems ya fito da ZFS a 2005, aikin da Jeff Bonwick ya jagoranta. Chris Mason ya fara Btrfs a 2007 lokacin yana Oracle, aka shigar da shi cikin Linux a 2009. Apple ya kawo APFS ga kwamfutocin Mac a 2017.

Inda abin ya yi kyau

A ganina, cikin manhajojin da mutum zai iya sa wa kwamfutarsa ta gida, babu wanda ya ɗauki wannan aiki da gaske kamar openSUSE. Tun daga 2014 suka mayar da Btrfs tsarin da ake samu kai tsaye, tare da wani kayan aiki nasu mai suna Snapper. Duk lokacin da ka sa zypper, wato manajan manhajojinsu, ya girka ko ya cire wani abu, Snapper zai ɗauki hoto kafin a fara da wani bayan an gama. In ka sake kunna kwamfuta ta ƙi tashi, a allon farko na GRUB akwai zaɓin tashi daga tsohon hoto. Ka zaɓa, kwamfutar ta tashi a yanayin karatu kawai, ka dudduba ka ga komai lafiya, sai ka rubuta `snapper rollback` ka sake kunnawa. Shi kenan. Lalataccen halin ma ba ya ɓacewa, ana ajiye hotonsa, ko za ka so ka binciki abin da ya faru daga baya. Kuma da `snapper status` kana iya ganin jerin duk fayilolin da suka canza tsakanin hotuna biyu, abin da ko ba a sami matsala ba yana da amfani ga mai son sanin me sabuntawa ta taɓa.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya fi muhimmanci a wurinmu. Da yawa daga cikin laftof ɗin da muke saya na hannu batirinsu ya riga ya mutu, in aka ɗauke wuta sun mutu tare. Ya taɓa faruwa da ni ana tsakar girka ɗaruruwan ƙunshin manhaja: rabi sabo, rabi tsoho, na sake kunnawa allon shiga ya ƙi fitowa. Abin lura a nan shi ne, faifan kansa bai lalace ba. Tsarin rubutu a sabon shafi yana hana jadawalin hargitsewa idan wuta ta yanke. Amma faifai bai san cewa waɗannan fayiloli dubbai tafiya ɗaya suke yi ba, a wurinsa kowanne lafiyayye ne. Hoton da Snapper ya ɗauka kafin farawa shi ya san inda aka tsaya lafiya. Cikin 'yan mintuna na koma aiki, ban sake sayen data don sauke babbar manhaja ba, ban kuma kai wa mai gyara ba, wanda mun san maganinsa na farko shi ne a yi fomat.

Irin kuskuren da wannan fasaha ta fi dacewa da shi shi ne abin da ya sami masu amfani da Bumblebee a 2011, wata manhaja ta katin hoto na Nvidia. Wani gurbi ɗaya da ya shiga tsakiyar umarnin gogewa a rubutun girkawa ya sa ta share babban kundin `/usr` gaba ɗaya, inda kusan duk manhajojin Linux suke zaune. Ɓarnar duk a cikin fayilolin tsarin take, ta faru a lokaci ɗaya, kuma an san lokacin. Da hoto a hannu, wannan ba komai ba ne.

Matsalar ita ce ba kowace ɓarna ce take da ladabi haka ba.

Shingen da ba a nuna maka

Ka yi tunanin an ce hoton ya haɗa da komai da komai. Ka sabunta ranar Litinin, ka yi ta rubuta babin kundin digirinka, sai ranar Alhamis ka gano firinta ta daina aiki tun daga waccan sabuntawa. In ka koma hoton Litinin, firinta ta dawo, babin ya tafi. Don haka dole a zana iyaka. openSUSE ya ware wasu sassa da hoton ba ya taɓawa: `/home` inda fayilolinka suke, `/var` inda rumbunan bayanai da rajistar abubuwan da suka faru suke, da `/opt` da `/srv` da wasu. Timeshift, wanda Tony George ya rubuta kuma Linux Mint ya ɗauka ya yaɗa shi, shi ma yana barin fayilolin mai kwamfuta a waje sai in ka ce ya haɗa. Wannan shawara daidai ce, babu wata da ta fi ta. Amma sakamakonta shi ne, bayan ka koma baya, ba kwamfutar ranar Litinin ka samu ba. Ka sami manhajojin Litinin zaune a kan bayanan Alhamis, haɗin da bai taɓa wanzuwa ba, kuma babu wanda ya taɓa gwada shi.

Yawancin lokaci hakan ba ya jawo komai. Wani lokaci kuwa yana jawowa. A nan ne na ƙone hannuna. Muna da wata kwamfuta da muke tara bayanan bincike a kanta cikin PostgreSQL. Aka ɗaga ta zuwa sabon babban zubi, aka juya bayanan zuwa sabon fasali kamar yadda ake yi, muka share tsohon kundin don wuri ya yi ƙaranci. Bayan kwana biyu wata matsala daban, wadda ba ta da alaƙa da rumbun, ta sa muka koma tsohon hoto. Kwamfuta ta tashi tsaf. PostgreSQL kuwa ya dubi kundin bayanan ya ce bai san wannan fasali ba, ya ƙi tashi. Kuma gaskiyarsa ce: tsohon zubi ba ya karanta bayanan sabon zubi, haka aka gina shi. Sai da muka sake komawa gaba, wato muka soke komawar, sannan muka zauna muka gyara ainihin matsalar da hannu, abin da muke gudu tun farko.

Ba sai kana da rumbun bayanai za ka haɗu da wannan ba. Tun daga zubi na 67 a 2019, Firefox yana ƙin buɗe bayanan mai amfani da sabon zubi ya riga ya taɓa, sai ya ba ka zaɓin fara sabon shafi fayau. Yana yin haka ne don kada tsohon zubi ya lalata maka kalmomin sirri da alamomin shafuka, amma wanda ya koma baya ya buɗe burauza ya ga babu komai, gabansa sai ya faɗi.

Akwai kuma akasin haka, wato abin da yake cikin shinge amma ba ka so ya koma. Kalmomin sirri na shiga kwamfuta a `/etc` ake ajiye su, shi kuwa yana cikin hoto. In ka canza kalmar sirrinka ranar Laraba saboda wani ya gan ta, ka koma hoton Litinin, tsohuwar kalmar ta dawo aiki ba tare da an faɗa maka ba. Ma'aikacin da aka rufe asusunsa ya sake samun ƙofa. Wanda aka buɗe wa sabon asusu kuma ya ɓace, ga fayilolinsa a `/home` ba mai su. Duk wani gyaran tsaro da ya shigo tsakanin ranakun shi ma ya fita.

Misalin da ya fi nuna wahalar zana wannan shinge shi ne rajistar ƙunshin manhaja. Shekara da shekaru RPM yana ajiye lissafin abin da aka girka a `/var/lib/rpm`. In `/var` na waje, sai ka koma baya amma rajistar ta ci gaba da cewa sabbin manhajoji ne a kan kwamfutar, manajan manhaja ya riƙa yanke hukunci a kan ƙarya. openSUSE ya warware wannan ta hanyar ɗauke rajistar zuwa `/usr/lib/sysimage/rpm`, Fedora ya bi sahu a zubi na 36. Wato sai da aka sauya wa wani tsohon ɓangaren Linux mazauni kafin komawa baya ta zama abin dogaro. Wanda ya bi wani bidiyo ya haɗa Snapper da hannu a kan Arch ko Debian, shi zai zauna ya yi duk wannan tunanin da kansa, kuma da wuya bidiyon ya gaya masa.

Sannan ga sabuntawar da take cin abin da ke wajen shinge. A Oktoban 2018 Microsoft ya dakatar da rarraba zubi na 1809 na Windows 10 bayan 'yan kwanaki da fitowarsa, saboda yana goge wa wasu mutane takardu da hotunansu. Hoton da ya tsare fayilolin tsarin kaɗai babu abin da zai yi wa mai irin wannan asara.

A yi wa SUSE adalci: littafin jagorarsu ya faɗi ƙarara cewa mayar da kwamfuta daidai yadda take ɗari bisa ɗari ba zai yiwu ba, ya kuma jero irin waɗannan matsaloli. Ƙorafina shi ne gargaɗin yana can cikin littafin da ba kowa ke buɗewa ba. A lokacin da mutum ke danna `snapper rollback`, babu abin da ke ce masa "ka canza kalmar sirri bayan wannan hoto" ko "rumbun bayananka ya girmi manhajar da za ka koma". Na farkon aƙalla abu ne da kayan aikin zai iya ganewa, tunda ya san duk fayil ɗin da ya canza.

Idan tsanin ne ya karye

Duk wannan bayani ya ginu a kan zaton cewa za ka iso allon zaɓin hoto. To manhajar da ke nuna allon fa? A kwamfutocin zamani tana zaune a wani ɗan ƙaramin sashe na faifai da ake kira ESP, wanda tsarinsa FAT ne, tsohon tsari da bai san hoto ba sam.

A Agustan 2022 wata sabuntawar GRUB a Arch Linux da danginsa irin su EndeavourOS ta bar mutane da yawa da kwamfutar da in an kunna sai ta zarce saitin BIOS. Sabon fayil ɗin saiti yana amfani da wani umarni da tsohon GRUB ɗin da ke kan ESP bai gane ba. Masu hotuna suna da hotunansu lafiya lau a kan faifai, hanyar isa gare su ce babu. Sai da filashi.

A Agustan 2024 kuma, wata ɗaya bayan CrowdStrike, wata sabuntawar tsaro ta Windows ta hana Linux tashi a kwamfutoci da dama masu ɗauke da manhajojin biyu. Abin da ta canza, wani jerin haramci ne da ake kira SBAT, wanda ake ajiyewa a ƙwaƙwalwar allon injin, ba a kan faifai ba ma. Babu hoton da ya kai can. Haka duk wata sabuntawar BIOS take.

Akwai ƙaramar sigar wannan matsala da ta fi yawan faruwa. In kanel, wato zuciyar Linux, yana zaune a sashen da ba ya cikin hoto, direbobinsa kuma suna cikin hoto, to komawa baya za ta haɗa sabon kanel da tsofaffin direbobi. Sai kwamfuta ta tashi babu Wi-Fi, ko ta maƙale a hanya. openSUSE ya daɗe yana barin kanel a cikin hoton don guje wa haka. Fedora kuwa, wanda ya koma Btrfs tun zubi na 33 a 2020, ya bar `/boot` a sashe daban kuma bai haɗa wa mai amfani wata hanyar komawa baya kai tsaye ba. Mutum ya ji an ce Fedora na kan Btrfs ya ɗauka yana da kariya, alhali kayan ginin kawai aka sauke masa. Ubuntu ya gwada nasa da ZFS da wani kayan aiki mai suna zsys a wajajen 2020, daga baya abin ya mutu a hanya. Red Hat ma cire Btrfs ya yi gaba ɗaya daga RHEL 8.

Windows fa? System Restore yana nan tun zamanin Windows ME a 2000, amma a kwamfutocin Windows 10 da yawa a kashe yake zuwa, kuma damar komawa tsohon zubi bayan babbar sabuntawa kwana 10 ce, daga nan a share.

Mu dawo kan CrowdStrike. Da hoton faifai ya cece su? Wasu ya cece su: masu kwamfutocin da ke gajimare waɗanda suke da ajiyar da aka ɗauka kafin lokacin, an ba su shawarar su dawo da ita. Amma tsarin irin na Snapper yana ɗaukar hoto ne idan manajan manhaja ya motsa. Fayil ɗin Falcon bai bi ta wannan ƙofa ba, manhajar da kanta take sauke irinsa a kai a kai. Babu wanda zai ɗauki hoton "kafin". Ko da akwai na jiya, sai wani ya zauna gaban kowace kwamfuta ya zaɓe shi, wanda shi ne ainihin abin da ya sa gyaran ya ɗauki kwanaki.

Wani darasi ya zo a Maris ɗin shekarar, lokacin da Andres Freund ya gano ƙofar baya da aka dasa a cikin xz, zubi na 5.6.0 da 5.6.1. openSUSE Tumbleweed na cikin waɗanda gurɓataccen zubin ya shiga. Su da suka fi kowa iya komawa baya, shawarar da suka ba waɗanda SSH ɗinsu ke buɗe ga intanet ita ce su sake girka manhajar daga farko. Dalili a fili yake: in ɓarawo ya riga ya shiga, dawo da tsohon fayil ba ya nuna maka abin da ya ɗauka ko ya bari a `/home`, kuma wanda ya sami cikakken iko zai iya taɓa hotunan su kansu.

Kwando ɗaya

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da na fi gani a wurin ɗalibai: ɗaukar hoton faifai a matsayin kwafin ajiya. Ka tuna ba a kwafi komai ba. Fayil ɗin da bai canza ba, bulo ɗaya ne hotuna goma suke nunawa. In bulon ya lalace, ya lalace a duka goman. In faifan ya mutu, ko aka sace laftof ɗin, an tafi da asali da hotuna. Masu garkuwa da fayiloli don neman kuɗin fansa sun daɗe da sanin wannan. WannaCry na 2017 da ire-irensa suna ƙoƙarin share hotunan Windows da umarni ɗaya na `vssadmin`. Hoto yana zama kwafin ajiya ne kawai idan aka tura shi wani faifan daban, abin da `btrfs send` da `zfs send` suke yi da kyau. Abin mamaki, tsohuwar hanyar Timeshift ta rsync, wadda ta fi jinkiri saboda tana kwafin gaske, ta fi ta Btrfs a nan, don tana iya ajiyewa a faifan waje.

Batun wuri kuma ba ƙarami ba ne ga mai faifan gigabait 128. Ka goge babban fayil ka ga wuri bai ƙaru ba, saboda wani hoto yana riƙe da shi. Snapper yana share tsofaffi da kansa, amma faifan Btrfs da ya cika maƙil abu ne mai wuyar sha'ani, kuma ba abin da ya kai sabuntawa ta mutu a tsakiya saboda hotunan da aka ajiye don kare ta sun cinye wurin.

A daina yi wa mai tafiya tiyata

Hukuncina shi ne, ɗaukar hoto sannan a shiga canza tsarin da ke aiki, rabin magani ne. An yarda za a fasa, an dai tanadi tsintsiya. Hanyar da ta fi ita ce a juya tsarin: a ɗauki hoto, a yi sabuntawar a cikin hoton, a bar kwamfutar da ke aiki yadda take. In an gama lafiya, sai a ce tashi na gaba daga sabon za a yi. In wuta ta ɗauke a tsakiya, a jefar da rabin aikin, babu abin da ya sami kowa. Haka `transactional-update` na openSUSE MicroOS yake yi. Fedora Silverblue da NixOS sun isa wuri guda ta wasu hanyoyin da ba su dogara da Btrfs ba. Apple ma tun daga Big Sur a 2020 kwamfutocin Mac daga wani hatimtaccen hoto suke tashi, wanda ba a rubutu a kansa.

Wataƙila wayar da kake karanta wannan da ita tana yin haka. Tun daga Android 7 a 2016 akwai tsarin gurbi biyu, A da B, wanda aka aro daga Chrome OS: kana amfani da A ana rubuta sabuntawa a B. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne ƙidayar tashi. In sabon gurbin ya kasa tashi sau 'yan kaɗan, wayar da kanta take komawa tsohon, ba ta jiran kowa. Wannan ne abin da ya ɓace ranar CrowdStrike, kuma irinsa ya fara samuwa a Linux ta hanyar greenboot na Fedora da health-checker na MicroOS. Daga Android 11 an rage wurin da tsarin ke ci ta hanyar amfani da dabarar hoto maimakon cikakken gurbi na biyu.

Yana da nasa farashin. Kowane canji na tsarin sai an sake kunnawa, kuma wanda ya saba taɓa ko'ina a kwamfutarsa zai ji an ɗaure masa hannu. Masu waya kuma sun gano cewa komawa baya makami ce a hannun mai kutse, tunda zai iya mayar da kai tsohon zubi mai rami, don haka suka sa mata birki. Lokacin da Android 13 ya zo wa Pixel 6 a 2022, Google ya yi gargaɗin cewa wanda ya hau ba zai iya komawa Android 12 ba. Sannan ƙidayar tashi tana gane kwamfutar da ta ƙi tashi ne kawai. Wadda ta tashi lafiya amma firinta ta mutu, a wurinta an yi nasara. Kuma `/var` yana nan a waje a MicroOS kamar yadda yake a Tumbleweed, don haka da a kansa muke ranar da PostgreSQL ya ƙi mu, da haka zai ƙi mu. Abin da muke yi yanzu a kan waccan kwamfuta shi ne, kafin kowace babbar sabuntawa sai mun fitar da rumbun da `pg_dump` zuwa faifan waje, kuma tsohon kundin ba ma share shi sai ya yi wata guda.